Inci, galan, olonka da digiri: juya awo a Kumasi ba tare da asara ba

A takarda, Gana ƙasar mita da kilo da lita ce. Dokar awo ta 1975 ce ta tsayar da haka, kuma hukumar Ghana Standards Authority ce ke bin gidajen mai da masu sikeli tana duba ma'aunansu. Amma shiga kasuwar Kejetia ta Kumasi ka nemi atamfa, da yadi za a yanka maka. Mai bulo a Aboabo zai tambaye ka na inci biyar kake so ko na inci shida. Mai fili da ƙafa yake magana, hajiya mai sayar da gari olonka za ta miƙo maka, wato gwangwanin awo. Ga kuma kayan hom-yus, wato na hannu da aka riga aka yi amfani da su a waje, da ke sauka a tashar Tema daga Amurka: mota mai ƙirga mil, obin mai lambobin Farenhait, na'urar gwajin sukari da ɗan uwa ya aiko wa tsohuwa daga Bronx. Mutum ɗaya kan yi mu'amala da tsarin awo uku kafin azahar.

Lissafin kansa ba shi da wuya, kowace waya tana yi. Asarar tana shigowa tun kafin a taɓa kalkuleta, lokacin da ba a tsaya an tambaya ba: wane galan, wace oza, tsawo ake nufi ko faɗin fili, zafin abu ake faɗa ko yawan abin da za a rage daga zafin.

Cikin tsarin mita komai da goma-goma yake tafiya, saboda haka aikin duka matsar da ɗigo ne. Kilo na nufin dubu: kilomita ɗaya mita 1,000, kilogiram ɗaya giram 1,000. Santi kashi ɗaya ne cikin ɗari, mili kashi ɗaya cikin dubu. Mita 2.4 santimita 240 ce, milimita 2,400. Zanen gini yawanci da milimita ake rubuta shi ba tare da an sa alama ba, don haka in ka ga 3600 a jikin bango a takarda, mita 3.6 ake nufi. Abin da ya fi kama 'yan kasuwarmu shi ne kayan da ke shigowa daga Togo, Burkina Faso da Kwaddibuwa. Masu Faransanci waƙafi suke sawa inda muke sa ɗigo. In kwali ya ce 1,5 kg, kilo ɗaya da rabi ne. In kuma ka ga 1.500 a rasit ɗinsu, zai iya zama dubu ɗaya da ɗari biyar. A duba sauran lambobin takardar a gane salon mai rubutun kafin a biya.

Tsakanin inci da mita lamba ɗaya ce uwa: inci ɗaya milimita 25.4 ne cif, tun yarjejeniyar 1959 da ƙasashe masu Turanci suka yi. Daga ita sauran suka fito. Ƙafa inci 12 ce, wato santimita 30.48. Yadi ƙafa uku ne, wato santimita 91.44. Mil kuma kilomita 1.609.

Ga tela, mita ta fi yadi da kusan santimita takwas da rabi. Yadi shida na atamfa mita 5.49 ne, yadi goma sha biyu mita 10.97. Shaddar da aka sayo a Lome ko Wagadugu da mita aka auna ta, to in tela ya ce babbar riga da 'yar ciki da wando za su ci yadi goma, mita 9.14 ta isa, ba sai an sayi mita goma ba. Juyin ne ke da ciwo: wanda aka ce ya kawo mita biyar ya je ya yanko yadi biyar, ya dawo da giɓin santimita 43, kusan tsawon hannun rigar yaro.

A gareji bambancin ya fi ƙanƙanta amma ya fi ɓarna. Sufana mai rabin inci milimita 12.7 ce, ta kusa 13 amma ba ita ba ce. Mai 9/16 milimita 14.3 ce, mai 7/16 kuwa 11.1. In aka ɗora sufana 13 a kan noti mai rabin inci za ta shiga da ɗan wasa, kuma wannan wasan ne ke cinye kusurwoyin notin in ya yi tsatsa aka matsa da ƙarfi, har ya koma mulmulalle sai an sa kurfi da guduma. Wadda ake iya musanyawa hankali kwance ita ce 3/4 da 19, don tazarar ba ta wuce milimita 0.05 ba. Duk mai gyaran tsofaffin motocin Amurka a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya kamata ya ajiye saiti biyu.

Rodi ma haka. Wanda ake kira rabin inci a kasuwa na milimita 12 ne, mai 5/8 na 16, mai 3/8 na 10. Sunan inci laƙabi ne kawai, kuma a ƙarƙashin laƙabin ake shigo da wanda bai kai ba. Ƙarfin rodi yana bin faɗin bakinsa, shi kuwa faɗin baki kauri ne sau kauri. Rodi mai milimita 11 idan aka gwada shi da mai 12, ido zai ce ɗaya ne, alhali ƙarfen cikinsa ya ragu da kashi 16 cikin ɗari. Hanyar ganewa: a yanki mita ɗaya a ɗora a sikeli. Mai 12 na gaskiya zai ba da kusan giram 890, mai 16 kilo 1.58, mai 10 giram 617. Ƙa'idar ita ce kauri sau kauri da milimita, a raba da 162, amsar ita ce kilon mita ɗaya.

Wannan magana ta "sau kansa" ita ce ke kayar da mutane a harkar fili. Fuloti mai ƙafa 100 da ƙafa 70 murabba'in ƙafa 7,000 ne. Mai gaggawa sai ya ninka 7,000 da 0.3048 ya sami 2,134, ya ɗauka murabba'in mita ke nan. Ba haka ba ne, ya ninka filin fiye da sau uku. Tunda tsawo da faɗi duka za a juya, lambar juyin ma sai an ninka ta da kanta: 0.3048 sau 0.3048 ya ba da 0.0929. Amsar gaskiya murabba'in mita 650. Wanda ba ya son riƙe wata sabuwar lamba ya juya kowane gefe daban, mita 30.48 da mita 21.34, sannan ya ninka su. Ni wannan hanyar na fi ba mutane shawara, don da wuya a ɓata a cikinta. Eka ɗaya murabba'in ƙafa 43,560 ce, wato murabba'in mita 4,047. Hekta murabba'in mita 10,000 ce, eka 2.47. Saboda haka fuloti mai 100 da 70 zai fito a takardar safiyo a matsayin eka 0.16, mai 100 da 100 kuma eka 0.23. Kalmar "fuloti" ita kaɗai ba awo ba ce, girmansa yana canzawa daga unguwa zuwa unguwa, daga wannan sarki zuwa wancan. A karanta lambar ekar da ke kan takardar, a kuma ja tef a ƙasa kafin kuɗi su fita.

Tayil da murabba'in mita ake sayar da shi, ɗaki kuwa da ƙafa magini ke faɗa. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 mita 3.66 ne kowane gefe, murabba'in mita 13.4. Tayil mai santimita 60 da 60 yana rufe 0.36, in kwali guda huɗu ne ya rufe 1.44. A ƙara kashi goma cikin ɗari saboda yanka da fashewa, ya zama 14.7, a raba da 1.44, kwali goma sha ɗaya ke nan. Gara a saye su rana ɗaya, don launin wani zubin yakan ɗan saɓa.

Ruwa ya fi sauƙi. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce. Tankin ƙasa mai mita 2 da 1.5 da zurfin mita 1 yana cin lita 3,000. In mai zagaye ne, a ɗauki rabin faɗin bakinsa a ninka da kansa, a ninka da 3.14, a ninka da tsayi: faɗin mita 1.2 da tsayin 1.5 ya ba da kusan lita 1,700. Da wannan ake gane ko mai tanka ya cika abin da aka biya.

Galan kuwa iri biyu ne. Na Ingila, wanda iyayenmu suka saba da shi a gidan mai, lita 4.546 ne. Na Amurka lita 3.785. Littafin motar da ta zo daga Amurka in ya ce tanki galan 15 ne, lita 57 yake nufi, ba 68 ba. Man inji a can da kwat ake auna shi, kwat ɗaya lita 0.946, to inji mai cin kwat biyar lita 4.7 yake so. Jarkar nan rawaya da ake kira galan Kufuor suna kawai ta ara, akwai mai lita 20 akwai mai 25, a duba gindinta ko gefenta.

Lita da kilo ba su zama ɗaya sai a ruwa. Litar man girki kusan giram 920 ce, don haka jarka mai lita 25 tana ɗauke da mai kilo 23. Litar fetur wajen giram 740, ta zuma kusan kilo 1.4, ta fulawa ɗan sama da rabin kilo. Olonka awon cika ce, ba ta nauyi ba, shi ya sa babu amsa ɗaya ga mai tambayar kilo nawa ce. Olonkar gari daban, ta wake daban, ta masara sabuwar girbi mai danshi daban da ta busasshiya. Ga tozon da ake yi a sama, ga gwangwanin da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki. Mai saye da buhu ta sayar da olonka, abin da zai fisshe ta shi ne ta auna olonkarta a sikeli sau uku da irin tozon da take yi wa masu saye, ta cire nauyin gwangwanin, ta ɗauki matsakaici. A ce ta sami kilo 2.5, buhu mai kilo 50 zai ba ta olonka 20. In hannunta ya saba da tozo har ya kai 2.7, olonka 18 da rabi za ta samu, kuma ribar buhun sau da yawa a cikin wannan ɗaya da rabin take.

Laba giram 453.6 ce, kilo ɗaya laba 2.2. Jakar jirgi mai kilo 23 ita ce laba 50 da 'yan Amurka ke faɗa, maniyyata su lura in sikelin gida na hom-yus ne. Buhun koko kilo 64 ne da buhunsa, 62.5 tsantsa, shi ya sa buhu 16 ke yin tan ɗaya. Oza ma biyu ce: ta kicin giram 28.35, ta zinariya giram 31.1. Farashin zinariya da ake ji a labarai da ta biyun ake faɗa.

A mota, allurar gudu in tana kan 50 a agogon mil, kilomita 80 kake yi a awa, alhali ƙa'idar cikin gari 50 ce ta kilomita, wato mil 31. Mota mai mil 100,000 a agogo ta yi tafiyar kilomita kusan 161,000. Wanda aka ce ya canza mai bayan kilomita 5,000 ya bi agogon mil, sai ya kai 8,000 bai sani ba. Iskar taya da psi, bar ko kPa ake auna ta: bar ɗaya psi 14.5 ne, saboda haka psi 32 daidai yake da bar 2.2 ko kPa 220. Lambar da ta dace tana manne a jikin ƙofar direba. Wadda ke jikin taya iyakar abin da tayar ke iya ɗauka ce.

Sai zafi, inda aka fi yin kuskure, kuma da dalili. Duk awon da muka ambata daga sifiri ɗaya suke tashi: sifirin inci shi ne sifirin mita, don haka ninkawa kawai ake yi. Ma'aunan zafi ba su haɗa sifiri ba. Daniel Fahrenheit ya fito da nasa a 1724, a kansa ruwa yana daskarewa a 32, yana tafasa a 212. Anders Celsius, mutumin Suwidin, ya kawo nasa a 1742, wanda a yau yake da 0 wurin daskarewa da 100 wurin tafasa. Tazarar da Salshiyas ya raba gida 100, Farenhait gida 180 ya raba ta. Ke nan digiri ɗaya na Salshiyas ya kai 1.8 na Farenhait, sannan ga 32 ɗin da ke tsakanin mafarinsu. Aiki biyu ne, kuma wanda aka fara da shi yana da muhimmanci.

Daga Salshiyas zuwa Farenhait: a ninka da 1.8, sannan a ƙara 32. Daga Farenhait zuwa Salshiyas: a fara ɗebe 32, sannan a raba da 1.8. A nan kalkuletar waya ke yaudarar mutane. In ka buga 100.4 − 32 ÷ 1.8 a jere, yawancin wayoyi rabawa suke fara yi, sai su ba ka 82.6. Buga 100.4 − 32, danna alamar daidai ka ga 68.4, sannan ka raba, 38 za ta fito.

Akwai dabarar lissafi da ka da ake koya wa yara, a ninka Salshiyas biyu a ƙara 30. Tana aiki ga yanayin gari kawai: digiri 30 na ranar Kumasi za ta ba ka 90, gaskiyar 86, ba laifi. A obin kuwa 180 za ta ba ka 390 maimakon 356, kek ya ƙone a waje cikinsa ɗanye. Wadda ta fi ta, kuma amsarta cif take: a ninka biyu, a cire kashi ɗaya cikin goma na abin da aka samu, a ƙara 32. Wato 180 ya zama 360, a cire 36 saura 324, a ƙara 32, 356.

Masu gashin kek da burodi su riƙe waɗannan: 325 na Farenhait 163 ne, 350 shi ne 177 da ake cikawa zuwa 180, 400 kuwa 204, 450 kuma 232. Obin mai fanka a ciki a rage masa kamar digiri 20 na Salshiyas daga abin da aka rubuta. Kofin awo na Amurka mililita 237 ne, na tsarin mita 250, kuma kofin fulawa wajen giram 125 ne yayin da na sukari ya kai 200; mai yin na sayarwa ta koma sikeli ta huta. Af, abu ɗaya da lissafi ba ya juyawa: obin ko injin markaɗe da aka yi don wutar Amurka mai bolt 120, in aka soka shi a tamu mai 230 ba tare da taransifoma ba, hayaƙi ne zai biyo baya.

A jikin mutum, 37 shi ne 98.6. Zazzaɓi daga 38 yake farawa, wato 100.4, 39 shi ne 102.2, 40 kuma 104. Ma'aunin goshi da na hammata duka suna da maɓallin sauya C da F, kuma yara kan danna shi. In allo ya nuna 99 ba wani tashin hankali ba ne, a duba harafin da ke gefe. Jaririn da bai kai wata uku ba in ya kai 38, asibiti za a nufa kai tsaye. Insulin da alluran rigakafi tsakanin 2 da 8 na Salshiyas ake ajiye su, wato 36 zuwa 46 na Farenhait. Wanda ya saita firjin hom-yus a kan 8 alhali da Farenhait yake ƙirga, ya kai shi 13 ƙasa da sifiri, kuma insulin da ya daskare ya lalace ko da ya narke. Firiza kuwa 18 ƙasa da sifiri take so, wanda ya yi daidai da 0 na Farenhait.

Na'urar gwajin sukari ma tana da wannan matsalar. Asibitocinmu da mmol/L suke aiki, ta Amurka mg/dL take nunawa, tsakaninsu 18 ne. In ta nuna 126, a raba da 18, 7.0 ke nan. 70 kuma 3.9 ne. A faɗa wa likita lambar tare da harafin da ke gefenta. Haka maganin ruwa na yara: miligiram nauyin maganin ne, mililita yawan ruwan. Kwalba in ta ce 120 mg cikin 5 ml, wanda aka rubuta wa 180 mg zai sha mililita 7.5. A auna da sirinji ko kofin da ya zo da kwalbar, cokalin shayi na gida ba shi da tsayayyen girma. In an auna yaro da sikelin laba, a raba da 2.2 kafin a faɗa wa mai ba da magani, in ba haka ba zai lissafa masa fiye da ninki biyu.

Kelbin, wani ma'aunin zafin, na 'yan makaranta ne da masu ɗakin gwaji: a ƙara 273.15 a kan Salshiyas, shi ke nan, girman digirinsu ɗaya. Lambar 2700K ko 6500K da ke kan kwalin ƙwan lantarki launin hasken take faɗa, na farko ja-ja, na biyu fari tas.

Kuskuren da ya fi ɓoyuwa shi ne na bambancin zafi, kuma masu kiwon kaji ne suka fi cin karo da shi. Littattafan kiwo na Amurka suna cewa a fara 'yan tsaki a 95 na Farenhait, a riƙa rage 5 kowane mako. To 95 zafi ne, a juya shi da cikakkiyar ƙa'ida, 35 ya fito. Amma 5 ɗin ba zafin wani abu ba ne, tazara ce. In ka sa ta a waya za ta ce maka 15 ƙasa da sifiri, wanda ba shi da ma'ana a nan. Tazara ba a ɗebe mata 32, rabawa kawai ake yi da 1.8, ya zama 2.8, a ce digiri uku. Makon farko 35, na biyu 32, na uku 29 zuwa 30, na huɗu 27. Wanda ya rage biyar-biyar na Salshiyas, a mako na uku yana 25, tsakin za su cure wuri ɗaya suna danne juna, musamman da asubahin hunturu. A sa ma'aunin daidai tsayin bayan tsakin, ba a rataye shi sama kusa da fitila ko tukunyar gawayi ba. Injin ƙyanƙyasa mai fanka 37.5 yake so, wato 99.5, kwana 21 ga ƙwan kaza, 26 zuwa 28 ga na zabo, kuma a nan kuskuren digiri ɗaya na tsawon kwanaki ya isa ya rage ƙyanƙyasa sosai.

Shi ya sa ma'aunin kansa yake bukatar gwaji kafin a dogara da shi, in dai irin mai tsinke ne da ake tsomawa a ruwa. A cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, a zuba ruwa kaɗan, a juya, a jira minti biyu: ya nuna 0, ko 32. Sannan a tsoma bakinsa a ruwan da ke tafasa ba tare da ya taɓa gindin tukunya ba. A bakin teku kamar Accra 100 zai nuna, a Kumasi kuwa wajen 99, saboda garin yana kan tudu kusan mita 250 kuma tafasa tana sauka da kamar digiri ɗaya a kowace mita 300. In ya kauce da digiri ɗaya a duka gwajin biyu ta gefe guda, a rubuta bambancin a jikinsa a riƙa gyara karatun da shi. In kaucewar ta ƙanƙara daban ce da ta tafasa, a nemi wani.